Bakan dutse: ƙofar da ruwa da iska ke sassaƙawa, daga Orida zuwa duwatsun Gure

Bakan dutse wani tsauni ne da ya huje a tsakiya, sama ta rage a haɗe kamar gada, mutum ya iya bi ta ƙarƙashi. Da Faransanci ana kiransa "arche". Kamarsa ɗaya da bakan gizo, wato lanƙwasasshen rufin da maginan Hausa ke ɗaurawa a zauren sarauta, sai dai shi babu hannun magini a cikinsa. A ƙasashe da dama, ƴar tafiyar ƙafa zuwa irin wannan wuri, sannan a zauna a sha shayi ko kofi, ta zama abin da ke ciyar da gari guda. Nijar ma tana da nata.

Yadda yake samuwa

A bakin teku, igiyar ruwa ce ke aikin. Tana dukan tsinin dutsen da ya shiga cikin ruwa ta gefe biyu, tana bin tsaga har ta zama kogo. Ranar da kogon ya ɓulle ɗaya gefen, an samu baka.

A hamada aikin ya fi jinkiri. Ruwan sama yana shiga tsagar dutsen yashi, ya narkar da abin da ke riƙe ƙwayoyin yashin. Gishiri ya taru a tsagar yana buɗa ta, zafin rana da sanyin dare su ƙara raunana dutsen, iska ta kwashe abin da ya ruɓuɓɓushe. Sashe mai laushi ya tafi, mai tauri ya tsaya.

Abin da ya haƙa ƙofar bai daina aiki ba, shi ya sa kowane baka yana da ranar faɗuwa. A watan Satumba na 2016 ɗaya daga cikin manyan bakunan gaɓar Legzira, kusa da Sidi Ifni a Maroko, ya rushe. Ranar 8 ga Maris 2017 guguwa ta kayar da na tsibirin Gozo a ƙasar Malta. A watan Mayu na 2021 saman bakan Darwin da ke tsibiran Galapagos ya rufta, ginshiƙai biyu suka rage a cikin teku.

Waɗanda suka yi suna

A Faransa, garin Étretat na yankin Normandi yana tsakanin fararen tsaunukan alli masu bakuna uku: Porte d'Amont, Porte d'Aval da Manneporte. Daga cikin gari ake kama hanyar ƙafa zuwa saman tsaunin, kuma mai matsakaicin ƙarfi yana zuwa ya dawo a hantsi ɗaya, ya zauna a shagunan kofi na bakin ruwa. Mai zane Claude Monet ya zana wurin sau da yawa a shekarun 1880.

Kusa da mu akwai bakan Aloba a tsaunukan Enedi na ƙasar Cadi. Tsayinsa ya kai kimanin mita 120, yana cikin mafi tsayi a duniya. Hukumar UNESCO ta sa Enedi cikin kayan tarihin duniya a 2016.

Na Nijar da aka fi sani shi ne bakan Orida, a yankin Jado, cikin gundumar Bilma ta jahar Agadas, ba nisa da kangon tsohon birnin Jado. A duwatsun yankin akwai zanen raƙuman dawa, giwaye da shanu, shaidar zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. Tun 2006 Nijar ta rubuta Jado a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Sai dai zuwa can ba yawon safiya ba ne: tafiya ce ta kwanaki daga Agadas ta Dirku da Sigidin zuwa Cirfa. Tun da aka gano zinariya a 2014 yankin ya cika da baƙi da ƴan fashi, kuma ba a bin hanyar sai da izinin hukuma da rakiya.

Duwatsun Gure

Wanda ke Gure ba sai ya je Jado ba kafin ya ga yadda dutse ke tsufa. Garin yana kan hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, a cikin tuddan Muniyo. Nan ne mazaunin Muniyoma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa a watan Disamba na 1852, a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram.

Duwatsu iri biyu ke yankin. Na Muniyo masu tauri ne, waɗanda suka daskare daga narkakken dutse, dangin na Ayir da na Jos a Najeriya. Irin wannan dutse yana ɓarewa ne leda-leda kamar albasa, ya bar mulmulallun duwatsu a kan juna, irin waɗanda ake gani a Birnin Damagaram. Arewa da Gure, wajen Kelle, akwai tsaunukan Kutus na dutsen yashi, mai gefe a tsaye da sama a baje. Wannan shi ne nau'in dutsen da ruwa da iska ke fafewa, irin na Orida da Aloba. Duk wani gurbi da aka gani a jikinsa, farkon aikin ke nan.

Shirin ƴar tafiya

Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, dutse kuma yana riƙe shi har bayan la'asar. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin hantsi ya ɗaga.

Kowa ya riƙe ruwa lita biyu ko fiye. A sa takalmi rufaffe da dogon wando saboda ƙarangiya. Kada a cusa hannu cikin rami ko a ɗaga dutse, domin nan kunama da kububuwa ke fakewa. Baƙo ya fara gaida mai gari, ya nemi ɗan gari ya raka shi, ya kuma faɗa wa wani lokacin da zai dawo. Idan hazon hunturu ya yi kauri har tudu ya ɓace wa ido, a ɗage tafiyar.

Inda dutse ya yi rufi ko gada, kada a hau samansa, kada kuma a yi shimfiɗa a ƙarƙashi. Sabbin ɓaraguzai a ƙasa alama ce wurin yana zuba. Malaman da ke fita da ƴan makaranta su hana rubuta suna da fenti ko ƙusa, musamman inda akwai tsohon zane, don abin da aka kankare ba ya dawowa.

Bayan an sauko

Abin da shagon kofi yake ga mutanen Étretat, shi teburin mai shayi yake a nan: Nescafé da madara, burodi da ƙwai, a tasha ko bakin kasuwa. Masu tafiya da kayan shayinsu sukan sami inuwa su ɗora buta a kan gawayi, su sha na ɗaya mai ɗaci har zuwa na uku mai zaƙi, da cuku ko dabinon kwarurrukan yankin. A fara da ruwa kafin shayi, a kashe wutar da yashi, a kuma tattara ledoji a koma da su gari, domin dabbobin makiyaya na haɗiye su.