Kuɗin gudanar da fadar Birtaniya

A shekarar 1760 ne Sarki George na Uku ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya kuɗin shigar da ake samu daga filaye da gine-ginen sarauta, ita kuma ta ɗauki alƙawarin ba shi wani adadi duk shekara domin tafiyar da fada. Har yanzu a kan wannan yarjejeniya ake, kuma Sarki Charles na Uku ya sabunta ta da ya hau gadon sarauta a 2022.

Da kuɗin ake biyan albashin ma'aikata, da gyaran fadoji, da tafiye-tafiyen aiki.

Tsuke bakin aljihu

Galibin matakan rage kashe kuɗi da fadar ta ɗauka sun biyo bayan ƙorafin jama'a ne.

Da gobara ta ci wani sashe na fadar Windsor a watan Nuwamban 1992, jama'a da dama sun ƙi amincewa a yi gyaran da kuɗin haraji. Sai aka buɗe fadar Buckingham ga 'yan yawon buɗe ido a 1993 domin tara kuɗin, kuma a shekarar ce Sarauniya Elizabeth ta fara biyan harajin kuɗin shiga, ko da yake doka ba ta tilasta mata ba. A 1997 aka jingine jirgin ruwan sarauta, Britannia.

A 2011 majalisar dokoki ta haɗe tallafin wuri guda, ta kuma ɗaure shi da ribar kadarorin sarauta: kashi 15 cikin ɗari. Dokar ta bai wa ofishin binciken kuɗi na ƙasa ikon duba littattafan fada kamar na kowace ma'aikata.

Binciken bai yi wa fadar daɗi ba. A 2014 wani kwamitin majalisa ya ce asusun ajiyarta ya faɗo daga fam miliyan 35 a 2001 zuwa miliyan ɗaya, alhali gine-gine na lalacewa. A 2017 aka ɗaga kason zuwa kashi 25 domin gyaran fadar Buckingham, aikin shekara goma da aka ƙiyasta zai ci fam miliyan 369.

Inda gizo ke saƙa

Dokar ta 2011 ta tanadi cewa tallafin ba zai yi ƙasa da na shekarar da ta gabata ba, ko da riba ta faɗi. Idan kuwa ta hau, shi ma ya hau.

Hakan ta faru da kamfanoni suka biya maƙudan kuɗi domin kafa injinan samar da lantarki daga iska a gaɓar teku, wadda ƙasanta na cikin kadarorin sarauta. An rage kason zuwa kashi 12 a 2023, amma duk da haka tallafin ya tashi daga fam miliyan 86.3 zuwa miliyan 132.1 a 2025. A shekarar ce fadar ta sanar cewa za ta daina amfani da jirgin ƙasan sarauta nan da 2027.

Waɗannan alƙaluma ba su haɗa da kuɗin tsaro ba, wanda gwamnati ba ta bayyanawa, haka nan ba su haɗa da abin da sarki ke samu daga gandun Lancaster ba. Ƙungiyar Republic mai neman a soke sarautar ta ƙiyasta a 2024 cewa ainihin abin da gidan sarautar ke ci ya haura fam miliyan 500 a shekara.