Gidan Bulon Zamanin Sarakuna Joji: Yadda Gobara da Doka Suka Fitar da Fasalinsa

A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a wani gidan burodi da ke Pudding Lane a Landan, ta kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje sama da 13,000, yawancinsu na katako. A shekarar da ta biyo baya, majalisa ta yi doka: duk mai sake gini a birnin, sai dai da bulo ko dutse.

Tsoron gobara bai bar zukata ba. A 1707 aka hana yin bakin rufi na katako mai leƙo waje, don haka magina suka riƙa ɗaga bangon gaba har ya ɓoye rufin. A 1709 aka ce a tura katakon taga ciki da inci huɗu, kada harshen wuta ya lashe shi daga waje. Kafin Joji na Ɗaya ya hau gadon sarauta a 1714, fuskar gidan da za a laƙaba wa sunansa ta riga ta fara bayyana. Sarakuna huɗu masu wannan suna suka yi mulki a jere har 1830.

Sauran fasalin kuwa kuɗi ne suka yanke shi. Masu filaye kan ba magina hayar ƙasa, sau da yawa ta shekara 99, kuma faɗin da ke bakin titi shi ne mai tsada. Sai gidan ya tsuke, ya yi zurfi, ya miƙe sama, yana haɗa bango da maƙwabcinsa. Kicin a ƙarƙashin ƙasa, falon baƙi a bene na farko inda tagogi suka fi tsawo, barori can ƙarƙashin rufi inda tagogin suka ƙanƙance. Bisa ƙofa akwai gilashi mai siffar rabin wata da ke shigar da haske cikin dogon lungun shiga. Ado kaɗan ne. Kyan yana cikin awo, wanda aka koyo daga littattafan Andrea Palladio, maginin Italiya. Dokar 1774 ta kasa gidaje aji-aji, kuma a ƙarƙashinta aka gina Bedford Square a Landan, dandalin da har yau yake tsaye kusan yadda aka bar shi.

A ganina darajar waɗannan gidaje tana cikin jerinsu ne, domin in aka cire ɗaya, layin duka ya yi giɓi. Mutanen Dablin a Ailan, inda su ma ake da irin waɗannan gidaje, sun ɗanɗani wannan a 1965, lokacin da hukumar wutar lantarki ta Ailan ta rushe gidaje 16 a titin Fitzwilliam don gina ofishinta, duk da ƙorafin jama'a da na ƙungiyar kare irin waɗannan gine-gine da Desmond Guinness ya kafa a 1958. Wasu a lokacin kallon gadon 'yan mulkin mallaka suke musu, alhali 'yan ƙasar ne suka ɗora bulon.

Kuma talakawa ma sun zauna a ciki. Bayan an rufe majalisar Ailan a 1800, masu hali suka fara watsewa, aka riƙa yayyanka manyan ɗakuna ana ba da haya. Gida mai lamba 14 a titin Henrietta na Dablin, wanda aka gina don iyali guda da barorinsu, ya ɗauki mutum kusan 100 a ƙidayar 1911. Tun 2018 ya zama gidan tarihi, inda aka bar adon filastar masu sarauta da tabon zaman haya a bango ɗaya.