Jami'ar Gadarif: Makaranta a Ƙasar Dawa da Riɗi

Baƙon da ya sauka Gadarif, a gabashin Sudan, kafin idonsa ya kai ga jami'a sai ya ci karo da buhunan dawa da riɗi. Garin kasuwar amfanin gona ne. Tun a tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka soma noman inji a yankin Gadambaliya, baƙar ƙasar nan mai riƙe ruwan damina kuwa ta jawo 'yan ƙwadago daga kowace kusurwa. Cikinsu har da Hausawa da Fulani, waɗanda mutanen ƙasar ke kira Fallata ko Takari: wasu jikokin mahajjatan da suka taka da ƙafa ne, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Hatsin Gadarif ya daɗe yana ciyar da Hartum, amma ilimi mai zurfi yana can bakin Kogin Nilu. A Hartum aka buɗe Kwalejin Gordon a 1902, wadda ta zama jami'a a 1956. Ɗan manomin gabas da ke son digiri dole ya yi ƙaura, in har ya sami gurbi.

A 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta shelanta juyin ilimi mai zurfi, ta yawaita jami'o'i a jihohi, ta mai da Larabci harshen koyarwa a maimakon Ingilishi. Daga cikin wannan shiri Jami'ar Gadarif ta fito a 1994, shekarar da Fot Sudan ma ta sami tata. Tana koyar da aikin gona da muhalli, likitanci, tarbiyya da tattalin arziki. An soki shirin da cewa gaggawa ta yi yawa, an buɗe makarantu kafin a tanadi malamai da kayan aiki, kuma sukar tana da tushe.

Ana iya kwatanta ta da jami'o'in baƙar fata na gwamnati a Amurka, waɗanda dokar Morrill ta 1890 ta ba kuɗi domin koyar da noma. Kamar tana nan, sai dai can dokar wariya ce ta rufe ƙofa, a Gadarif kuwa nisa ne da talauci da fifikon da aka ba babban birni.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya juya al'amarin. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba, mutanen tsakiyar ƙasar, har da ɗalibai da malamansu, su ne suka kwararo Gadarif neman mafaka.