Dashen gashi

Dashen gashi wani nau'in tiyata ne da ake ciro saiwoyin gashi masu rai daga wani ɓangare na kan mutum, galibi ƙeya da gefen kai, a dasa su inda gashi ya zube. An fi yi wa maza masu sanƙo, amma ana yi wa mata da kuma waɗanda ƙuna ko rauni ya bar wa tabo a kai, ko a gira, ko a gemu. Aikin ba ya haifar da sabon gashi. Wanda mutum yake da shi ne kawai ake sauya wa wuri, kuma wannan ne ya sa likitoci ke taka-tsantsan da yi wa matasa 'yan shekara ashirin da wani abu.

Asalin suna

Kalmar dashe ta fito ne daga aikatau dasa, kuma asalinta na noma ne, kamar dashen albasa ko tumatir da masu lambu ke yi a fadama: a cire tsiro daga inda aka rene shi, a kafa shi a wani wuri. Daga nan Hausar asibiti ta aro ta, ake cewa dashen ƙoda da dashen ɓargo. Kwatancin ya dace da gashi sosai, domin duk tsiron da aka cire daga ƙeya ya bar wurin ke nan, wani ba zai maye gurbinsa ba.

Abin da ke kawo sanƙo

Kan ɗan Adam na ɗauke da gashi kimanin 100,000, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Sanƙon maza gado ne da ake iya ɗaukowa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Jiki na sarrafa sinadarin maza na testosterone ya koma wani da ake kira DHT, shi kuma yana sa saiwoyin gashin goshi da na tsakiyar kai su riƙa ƙanƙancewa, gashin ya sirance har ya daina fitowa. Saiwoyin ƙeya da na gefe ba su cika jin tasirinsa ba, shi ya sa ko tsoho mai cikakken sanƙo akan gan shi da gashi zagaye da ƙeya. James Hamilton ya nuna alaƙar sanƙo da sinadaran maza a 1942, sannan O'Tar Norwood ya fitar da ma'auni mai matakai 7 a 1975, wanda har yau ake auna sanƙo da shi.

Zancen da ake yi cewa yawan sa hula ko naɗa rawani ne ke cinye gashi ba shi da tushe a likitance.

Tarihi

A 1939 wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya wallafa yadda ya dasa ƙananan gutsuren fata masu gashi ga waɗanda suka ƙone, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aikin bai bazu ba. Norman Orentreich na birnin New York a Amurka shi ne ya fara yi wa masu sanƙo a 1952, kuma a 1959 ya bayyana cewa gashin da aka ɗauko daga ƙeya yana riƙe halinsa na asali ko an kai shi goshi. A lokacin ana yanko fata mai faɗin milimita 4, sai kan ya fito tsibi-tsibi kamar na 'yartsana. Daga shekarun 1990 aka koma dasa gashi a rukuninsa na halitta, wato sili 1 zuwa 4. A 2011 ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya sanar a Twitter cewa an yi masa dashe yana ɗan shekara 25, abin da ya ƙara fito da aikin fili a tsakanin matasa. A yau birnin Istanbul na Turkiyya na daga cikin manyan cibiyoyinsa a duniya.

Yadda ake yi

Hanyoyi biyu ne. A ta farko, FUT, likita na yanko dogon zirin fata daga ƙeya ya ɗinke wurin, sannan a rarraba saiwoyin a ƙarƙashin madubin likita. Tana barin tabo guda mai tsawo. A ta biyu, FUE, wadda William Rassman da Robert Bernstein suka yi bayaninta a 2002, ana ciro rukuni ɗaya-ɗaya da ɗan ƙarfe mai faɗin kusan milimita 1, sai ta bar ɗigo-ɗigon tabo. Masu talla kan ce ba ta barin tabo ko kaɗan, amma duk wanda ya yi askin tal-kwabo bayanta ana iya ganinsu.

Ba a sumar da mutum, allurar kashe zafi ake yi a fatar kai, kuma aikin kan ɗauki awa 4 zuwa 8. Cikin makonnin farko gashin da aka dasa yakan zube, saiwar ta rage a cikin fata. Sabo na fara tsirowa bayan wata 3 zuwa 4, ba a kuma yanke hukunci kan sakamako sai an shekara ko fiye.

Matsalar yi da ƙuruciya

Sanƙon da ya fara da wuri yakan yi nisa, kuma a shekara 20 ko 22 ba wanda zai iya cewa ga inda zai tsaya. Idan aka cike wa saurayi goshi, gashinsa na asali da ke bayan dashen zai ci gaba da zubewa. Bayan wasu shekaru sai a ga tsibirin gashi a gaba, fili a bayansa, abin da ya fi sanƙon kansa jan ido. Gyaran wannan sai da wata tiyatar, ga shi abin da ƙeya za ta iya bayarwa a tsawon rayuwa 'yan dubban rukuni ne kawai, ba za su rufe kai duka ba. Saurayi kuma yakan nemi a mayar masa da layin goshi irin na lokacin da yake sakandare, wanda ke cin saiwoyi da yawa, ba kuma zai dace da fuskarsa ba idan ya kai 50.

Saboda haka likitoci da dama ke ba da shawarar a jira har wajen shekara 25 ko fiye, a fara da magani. Biyu ne aka fi sani: minoxidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da finasteride na sha, a 1997. Dukansu suna aiki ne muddin ana amfani da su, in an daina zubar ta dawo. Finasteride na iya rage sha'awa ga wasu maza, kuma yana da haɗari ga ɗan tayi namiji, don haka ba magani ba ne da za a saya a kemis ba da izinin likita ba.

Gashi da fatar 'yan Afirka

Gashin baƙar fata a murɗe yake, kuma murɗewar tana farawa tun daga cikin fata. Miƙaƙƙen ƙarfe na iya datse saiwar wajen ciro ta, sai an samu likitan da ya saba da irin wannan gashi. A gefe guda, murɗewar na sa gashi kaɗan ya rufe wuri mai faɗi. Babbar damuwa ita ce tabo mai tasowa ya yi tudu, wanda baƙar fata ta fi saurin yi. Mai irin wannan jiki, ko mai ƙurajen ƙeya da ke fitowa bayan aski su taurare, dole a duba shi da kyau tukuna, wani lokaci ma a yi ɗan gwaji a ƙaramin wuri.

Ba kowace zubar gashi ce sanƙo ba. Ƙora da ke kama kan yara cutar fata ce da magani ke warkarwa. Mata kan rasa gashin goshi saboda kitso mai tsauri, kuma idan aka sassauta da wuri yakan dawo. Ƙarancin jini, haihuwa, zazzaɓi mai tsanani da ciwon maƙoƙo duk suna zubar da gashi, ba kuma ɗaya daga cikinsu da dashe ne maganinsa na farko.

A Zariya da Arewacin Najeriya

A Birnin Zazzau, kamar sauran tsofaffin biranen Hausa, aske kai al'ada ce tun daga askin suna, kuma sana'ar wanzamai ce. Magidanci ba ya cika fita ba hula, har ma akan zolayi mai sanƙo da cewa alamar arziki ce. Wannan ya sa sanƙo bai zama abin damuwa ga dattawa ba. Abin ya fi taɓa samari, musamman ɗalibai a Samaru da Kongo, waɗanda ke askin zamani kuma suke cin karo da tallan asibitocin Turkiyya a Instagram da TikTok.

Masu neman dashe daga wannan yanki sukan nufi asibitoci masu zaman kansu a Abuja ko Legas, ko su fita Turkiyya ko Indiya. Matakin farko dai, wato gano musabbabin zubar, ana iya yinsa a gida wajen likitocin fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wanda aka yi wa aiki a waje yana da ƙarin matsala, domin idan wurin ya yi ruwa ko ya kumbura bayan ya dawo, wanda ya yi aikin ba ya kusa. A wasu wuraren masu araha ma ba likita ne ke yin yankan ba.

Hukunci a Musulunci

Malamai da yawa na zamani sun halatta dashen gashi, suna ganinsa a matsayin gusar da aibi da mayar da abin da Allah ya halitta, ba canza halitta ba. Sun bambanta shi da ƙarin gashi, wanda aka hana, tunda a nan gashin mutum ne na kansa kuma yana tsirowa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya, ta sanya shi cikin tiyatar gyara da ta halatta idan gashi ya zube, da sharaɗin ƙwararren likita ne zai yi, kuma cutarwar ba ta rinjayi amfanin ba.