Injin niƙan gahawa

injin niƙan gahawa (suna, namiji, jam'i: injinan niƙan gahawa). Ƙaramar na'ura, ta hannu ko ta lantarki, mai mayar da soyayyun 'ya'yan gahawa gari.

Iri biyu ne. Mai wuƙa sassarawa kawai yake yi, garin ya fito rabi tsaki rabi laushi. Mai haƙora kuwa murƙushewa yake tsakanin ƙarafa biyu, kamar dutsen niƙa da ɗansa, ana iya matse su ko a sassauta. Shi ya dace da esfireso, gahawar Italiya mai kauri da ake tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garinta na daƙiƙa 25 zuwa 30. Garin ya yi tsaki, ta fito tsululu da tsami; ya cika laushi, ta yi ɗaci.

A Bugaje da Jibiya har Maraɗi, Nescafé masu shayi suka fi damawa, shi kuwa ba ya buƙatar niƙa. Mai son esfireso a gida, na hannu ya fi masa, ko ba wuta zai sha. Kada ya kai gahawarsa injin niƙan unguwa, warin barkono zai ɓata ta.

Misali: Alhaji, haƙoran injin niƙan gahawarka sun cinye, sai a sauya.