Daga kuɗin lanho zuwa kuɗin agaji

A Hausar ƙasar Maraɗi, kalmomin kuɗi suna ɗauke da tarihinsu. Dala tamma biyar ce, jika kuwa sefa dubu. Haraji kuma tsofaffi na ce masa bodo, wasu su ce lanho, wadda aro ce daga Faransanci. Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, shi ya sa na bi ta kalmomi don in duba wata tambaya da ta shafi karkararmu ta Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa: mi kuɗin agaji da ake danƙa wa talaka a hannu ke canzawa a gidan manomi?

Sai mun koma baya kafin a gane. A zamanin mulkin Faransa, kuɗi ya shiga gidan manomi ne a matsayin tilas. Lanho kuɗin kai ne, kuma da kuɗi ake biyansa, ba da dami ba. Don haka maigida ya ware wani yanki na gandu ya shuka gyaɗa, har Maraɗi ta zama babbar kasuwar gyaɗa. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin. Ga yadda shekara ke juyawa: da kaka, lokacin da kaya ke araha, manomi ya sayar don ya biya haraji da bashi. Da damina, rumbu ya yi ƙasa, ya koma kasuwa ya sayi hatsin da tsada. Kuɗi na ratsa gidan kamar baƙo, ba ya kwana.

In yunwa ta zo kuwa, agajin da aka sani hatsi ne. An kafa OPVN a 1970 don tanadin abinci. Farin farkon shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, kuma zargin karkatar da hatsin agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Yunwar 1984 kuma mutane suka raɗa mata El Buhari, don ta zo daidai da lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta. Sunan kaɗai ya isa shaida cewa talaka ya gane yunwarsa ba daga sama kawai take saukowa ba, har da kasuwa da iyaka.

Shekarar 2005 ta tabbatar da haka. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, amma abin da ya ba duniya mamaki shi ne yara sun fi galabaita a jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa. Akwai hatsi a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Gwamnatin Tanja Mamadu ta fara da sayar da hatsi a farashi mai rahusa, sai daga baya aka koma rabon kyauta. A shekarar nan Likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Daga nan masu agaji suka fara cewa: in matsalar kuɗi ce, mi zai hana a ba da kuɗin?

A 2008 ƙungiyar Save the Children ta gwada a Tasawa: gidaje 1,500 mafi talauci, kowane jika 60 a kashi uku, cikin watannin da rumbu ke wofi, kuma a hannun mata. A 2010 Concern ta yi irinsa a jihar Tawa, har wasu suka karɓa ta salula. A 2011 gwamnati da Bankin Duniya suka kafa shirin Filets Sociaux, mai ba mace jika 10 kowane wata har shekara biyu, kuma Maraɗi na cikin jihohin farko.

To mi ya canza? A ganina abu na farko lokaci ne. Manomin da hatsinsa ya ƙare a watan Yuli ba shi da zaɓi sai ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiyar da za a daka da dare. Yana can yana nome gonar mai hali, tasa na cika da haki. Kaka ta zo ya samu kaɗan, baɗi ya sake komawa ƙwadagon da wuri. Jika 10 ba ta mai da kowa attajiri, amma tana iya saya wa mutum kwanakin da zai tsaya a gonarsa, ta kuma hana shi sayar da akuyar gida ko jinginar da gona.

Na biyu, hannun da ya karɓa. A al'adarmu akwai gandu, akwai gamana, ɗan yankin da mace ke nomawa don kanta. Amma a kudancin Maraɗi jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, mata da yawa sun rasa gamanarsu. Kuɗin wata-wata sai ya faɗa cikin wata hanya da mata suka riga suka sani, wato adashi da asusun Mata Masu Dubara, wanda CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991. Binciken da aka yi kan shirin ya nuna cewa zubin adashi da kiwon dabbobi sun ƙaru a gidajen da suka karɓa. Wani binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna cewa in aka haɗa da horo, ko jari na jika 80 a dunƙule, sana'ar matan na ƙara ƙarfi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Masu binciken LASDEL na Yamai, tare da Olivier de Sardan, sun bi ƙauyuka sun ga yadda zaɓen masu karɓa ke haifar da zargi. Takardar shiri ta raba mutane gida huɗu, daga mai hali zuwa talaka tilis. A ƙauye kuwa kowa cewa yake: "Ai dukanmu talakawa ne." Sun tarar a wasu wurare mace na fitowa daga layi ta miƙa wa maigida, a wasu kuma a tattara kuɗin a sake rabawa kowa ya samu. Ni ban ɗauki wannan a matsayin rashin fahimta ba. Maƙwabcin da aka tsallake a jerin sunaye shi ne zai ranta maka tiya biyar ranar da shirin ya ƙare, kuma shirin zai ƙare. Ko kalmar "gida" ma gardama ce: gidan mai mata uku da ƙannensa biyu, gida ɗaya ne ko biyar?

Akwai kuma abin da kuɗin ba ya iyawa. Darajarsa na hannun kasuwa, kasuwarmu kuwa na kallon Ɗan Isa da Jibiya. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kaya sun yi tsada, jika 10 ta rage nauyi a hannu. Tunkiyar da mace ta saya da adashinta kuma, a gundumar da ɓarayin daji ke kore dabbobi da dare, ba ta da tabbas.

Don haka in za a auna wannan agaji a Sarkin Yamma, ina ganin tambayoyin da suka dace uku ne. A wane wata kuɗin ya iso, kafin noman farko ko bayan an gama? Wa ya zauna aka tsara sunayen, kuma da wane harshe aka yi wa mutane bayani? Sannan shekara biyu bayan biya na ƙarshe, gidan na da akuya da gonarsa, ko ya koma ƙwadago?