Daga Linzami Zuwa Faifan Shafa: Tarihin Sarrafa Kibiyar Kwamfuta da Darasinsa ga Ɗaliban Narayi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin ɗan faifan nan da ke ƙasan maɓallan kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda ake shafa da yatsa domin a juya kibiyar da ke kan allo. A nan za mu kira shi faifan shafa. Za mu duba asalinsa da yadda yake aiki, sa'an nan mu auna muhimmancinsa ga ɗaliban Narayi, unguwar da ke kudancin kogin Kaduna cikin Ƙaramar Hukumar Chikun.

Asalinsa

Kafin faifan shafa akwai abin da Turawa suka laƙaba wa sunan ɓera, Bahaushe kuwa ya kira shi linzami, domin da shi ake juya akalar na'urar kamar yadda mahayi ke juya doki. Douglas Engelbart ne ya nuna shi a bainar jama'a a birnin San Faransisko na Amurka a 1968, kuma ya shiga gidajen mutane sosai bayan fitowar Macintosh ta kamfanin Apple a 1984. Sai dai linzami yana buƙatar tebur, ita kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka a kan cinya ake ɗora ta. Saboda haka masu ƙira suka shiga neman mafita. A 1991 Apple ya sa ƙwallo mai juyawa a PowerBook, a 1992 kuma IBM ya dasa ɗan jan tsinke a tsakiyar maɓallan ThinkPad. Daga bisani fasahar George Gerpheide, wanda ya kafa kamfanin Cirque, ta yi rinjaye: a 1994 aka fito da PowerBook 500 da faifan shafa a gurbin ƙwallo, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Yadda Yake Aiki

A ƙarƙashin faifan akwai siraran layukan lantarki da aka jera a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, don haka idan yatsa ya sauka sai ya sauya cajin da ke mahaɗar layukan, na'urar ta lissafa inda yake, kibiya ta bi. Wannan ne dalilin da ya sa murfin biro ba ya motsa ta, kuma gumi ko cajar da ba ta da inganci kan sa ta riƙa tsalle.

Darasi ga Narayi

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma yi ban kwana da takarda da fensir a 2015. Daga nan ƙwarewar hannu ta zama sharaɗin shiga jami'a. Yaron Narayi da ke burin shiga Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, yana iya sanin amsa, amma kibiya ta ƙi tsayawa inda yake so, lokaci kuma yana tafiya. Hukumar da kanta ta lura da haka, domin a 2017, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, ta fito da tsarin maɓallai 8, watau A, B, C, D na zaɓen amsa, da P, N, S, R na komawa baya, da ci gaba, da miƙa aiki, da fasa miƙawa. Wannan ya rage wahala a ɗakin jarrabawa, amma bai kawar da ita daga aji ko ofis ba. Sabo da waya ma bai wadatar ba, domin a waya yatsa yana taɓa abin da ido ke gani, a faifan shafa kuwa hannu na ƙasa, ido na sama.

Kammalawa

A makarantar allo ba a barin almajiri ya yi rubutu sai hannunsa ya saba da alƙalami. Muna kira ga malaman sakandare da su ware wa faifan shafa darasi nasa tun daga aji ɗaya, ga masana harshe kuma da su tsayar masa da suna guda, domin abin da ba shi da suna yana da wuyar koyarwa.